Hotunan zuciyata: waɗanda aka ɗauka da waɗanda aka ƙi ɗauka

Ba ciwo ba ne irin mai sa mutum ya dafe ƙirji ya zube ƙasa. Nauyi ne kawai nake ji a tsakiyar ƙirjina, wani lokaci ya hau har muƙamuƙi, duk sa'ad da na yi tafiya da sauri ko na ɗaga kaya. In na tsaya na huta minti biyu ko uku sai ya sake ni. Shekaruna 56, na daɗe ina shan maganin hawan jini, mahaifinmu kuma zuciya ce ta yi ajalinsa bai kai sittin ba. Da na haɗa waɗannan ukun ban jira wani ya tura ni asibiti ba.

Buƙata ɗaya na shiga da ita ɗakin likitar zuciya: a saka ni cikin babbar na'ura a ɗauki komai a gama. Ita kuwa tambayoyi ta zauna tana yi min, har na fara ƙosawa. Yana zuwa kana zaune? Ya taɓa tashinka daga barci? In ka danna wurin da yatsa yana ƙaruwa? In ka ja dogon numfashi fa? Kana shan taba? Da na sake kawo zancen na'ura sai ta ajiye biro.

"Malam, kowane hoto tambaya ɗaya yake amsawa. Sai na san abin da nake tambaya kafin in san wanda zan rubuta maka. In kuma amsar ba za ta sauya abin da zan yi maka ba, ba zan rubuta ba."

Ta ce abubuwa uku take nema a labarina: nauyi ko matsewa a ƙirji, wanda motsa jiki ke tayarwa, hutu kuma ya kwantar. Duka ukun ina da su. Shekaru, da kasancewata namiji, da hawan jini, da tarihin gida duk sun ƙara wa zargin ƙarfi. Matashiya mai shekara talatin da ke jin suka a gefen ƙirji in ta juya, ba hanya ɗaya za a bi da mu ba, ko da kalma ɗaya muka yi amfani da ita muka ce ƙirji ke ciwo. Ta kuma ja kunnena tun daga ranar: in nauyin ya zo ina zaune, ko ya ƙi sakina, ko ya zo da zufa da ƙarancin numfashi, babu maganar jiran ranar ganin likita. Sashen gaggawa zan nufa, inda ƙa'ida ita ce a ɗauki ECG, wato gwajin lantarkin zuciya, cikin minti goma da isowa, a kuma auna sinadarin turofonin a jini, wanda ke tashi in tsokar zuciya ta fara lalacewa.

ECG ɗin a ranar aka yi min. An aske 'yan wurare a ƙirjina, aka liƙa wayoyi goma, shida a ƙirji, huɗu a hannuwa da ƙafafu, kafin in gyara kwanciya takarda ta fito. Lafiya lau. Na ji daɗi, amma likita ba ta bari daɗin ya yi nisa ba. Na'urar lantarkin zuciya take karantawa, in ji ta, kuma jijiyar da ta tsuke tana iya kai isasshen jini muddin mutum na kwance. Mutane da yawa masu irin ciwona takardarsu tsaf take fitowa. Amfaninta shi ne ta nuna ko an taɓa samun toshewar da ta bar tabo ba a sani ba, ko bugun ba ya tafiya daidai, ko lantarkin yana bin wata karkatacciyar hanya da za ta rikita gwajin gaba. Tsohuwar na'ura ce, wanda ya ƙirƙiro ta, Willem Einthoven ɗan ƙasar Holan, tun 1924 ya karɓi kyautar Nobel a kanta, amma har yau da ita ake farawa.

Sai eko. Wannan shi ne hoton farko na gaske, kuma shi na fi jin daɗinsa, don ina kallo ana yi. An kwantar da ni a gefen hagu, hannu a ƙarƙashin kai, aka rage hasken ɗakin. Saurayin da ke ɗauka ya shafa wani mai mai sanyi, ya dinga danna kan na'urar tsakanin haƙarƙarina yana neman kafar da sauti zai ratsa, don ƙashi da iskar huhu suna tare shi. Irin na'urar da ake duba masu juna biyu ce, amon sauti take aikawa ta saurari dawowarsa, babu wani haske mai illa a ciki. Can sai ga zuciyata a allo, ɗakuna huɗu, bawul-bawul, wato ƙofofin da jini ke bi, suna buɗewa suna rufewa. Ya danna wani maɓalli launin ja da shuɗi suka cika allon. Na ce jan shi ne jini mai kyau ke nan? Ya yi dariya.

"A'a Baba, ja shi ne wanda ke tahowa wajen na'urar, shuɗi wanda ke tafiya. In na ga sun cakuɗe a bakin bawul, a nan ne ake yoyo."

Babu yoyo. Sakamakon ya ce zuciyata na fitar da kashi 60 cikin ɗari na jinin da ke babban ɗakin hagu a kowane bugu. Da na ga lambar na ɗauka saura arba'in ɗin gazawa ce, sai likita ta ce babu zuciyar da ke juye jininta kaf, tsakanin 55 da 70 shi ne daidai, sai ta faɗo ƙasa da 40 ake maganar raunin zuciya sosai. Bangon ya ɗan yi kauri, aikin hawan jini na shekaru. Ekon ya kawar da wasu abubuwa biyu masu kawo irin nauyin da nake ji, wato tsukewar bawul ɗin da jini ke fita ta cikinsa da kaurin tsoka na gado. Abin da bai nuna ba, kuma ba zai iya nunawa ba, shi ne jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar kanta. Faɗinsu bai wuce milimita uku ko huɗu ba, suna kwance a jikin zuciya ta waje suna rawa da kowane bugu.

A nan hanya ta rabu, kuma a nan na fara gane abin da take nufi ranar farko. Akwai gwaje-gwajen da ke nuna surar jijiya, akwai masu nuna ko jini yana isa in an sa zuciya aiki. Da can, in ji ta, injin gudu za a ɗora ni a kai da wayoyin ECG kawai, amma wannan yana kuskure da yawa ta ɓangarorin biyu: ya wanke mai cuta, ya tuhumi mai lafiya. A 2016 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta mayar da hoton CT na jijiyoyin zuciya, wanda babbar na'ura ke ɗauka da hasken da ke ratsa jiki, gwajin farko ga masu irin ciwona. Wani bincike da aka yi a Sikotilan kan mutum 4,146, mai suna SCOT-HEART, ya nuna bayan shekara biyar cewa kashi 2.3 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa CT ne suka gamu da toshewar jijiyar zuciya ko suka mutu da cutar, waɗanda ba a yi wa ba kuwa kashi 3.9. Abin da ya ba ni mamaki, ba yawan tiyata ne ya kawo bambancin ba. An ga cutar ne da ido, sai aka fara maganin kariya da wuri.

Duk da haka ba kowa CT ke yi wa kyau ba. Ta lissafa dalilan da suka sa ya dace da ni: ba a taɓa samuna da cutar ba, buguna daidai yake tafiya, ƙodata lafiya. Dattijon da jijiyoyinsa suka cika da alli, wato kalsiyam da ya daskare a bangonsu, hasken allin kan rufe hoton har ƙaramar tsukewa ta zama kamar babba. Mai bugu barkatai hotonsa kan fito dishi-dishi. Mai ciwon ƙoda kuma ana taka-tsantsan da ruwan rinin da ake zubawa a jijiya. Shi ya sa aka fara ɗibar jinina aka duba ƙoda kafin a ba ni rana.

Ranar hoton an hana ni duk wani abin sha mai kafeyin, irin su kofi da shayi, tun daren jiya. Buguna 74 ne da na iso, su kuma suna son ya sauko wajen 60, don na'urar tana ɗauka ne a ɗan tsakanin da zuciya ke lafawa tsakanin bugu da bugu, in bugun ya yi sauri tsakanin ya yi gajarta. Aka ba ni ƙwaya, na zauna jira fiye da awa guda, kuma jiran nan shi ne mafi tsawo a duk aikin. An sa min kanula a gwiwar hannu. Da na hau gadon aka fesa min wani magani a ƙarƙashin harshe don jijiyoyin su buɗe, wanda ya bar ni da ciwon kai har yamma. Ma'aikaciyar ta sa na gwada riƙe numfashi sau da yawa, ta kuma gaya min abin da zan ji in rinin ya shiga, kuma da ba ta faɗa ba da na tsorata: zafi ya taso daga maƙogwaro ya gangara har mara, bakina ya yi ɗanɗanon ƙarfe, na rantse na yi fitsari a kwance. Ban yi ba. Ɗaukar kanta 'yan daƙiƙoƙi ce.

Na tambaye ta batun hasken da ke ratsa jiki, don shi mutane suka fi tsoro. Ta ce a matsakaici mutum yana shan wajen milisibat biyu zuwa uku, wato ma'aunin wannan hasken, a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama, hoton da aka yi min a na'urar zamani kuma bai fi na shekara ɗaya ko biyu ba. Ga mai shekaruna da alamomina ba abin tsayawa ba ne. Ga wanda babu abin da ke damunsa, ko wanda za a riƙa maimaita masa kowace shekara, lissafin daban ne, don taruwa yake yi.

Sakamakon ya zo da abu biyu. Na farko, a tsakiyar jijiyar da ke gangarowa ta gaban zuciya akwai kitse da ya taru a bango ya tsuke hanyar da kashi 50 zuwa 69 cikin ɗari. Babbar jijiyar hagu, uwar sauran, wadda in ta tsuke ba a wasa, ita lafiya take. Na biyu, a can ƙasan takardar, layi ɗaya: an ga wani ɗan ƙulli mai milimita huɗu a gefen huhun da ya shigo cikin hoton. Wannan layin ya fi na farko hana ni barci. Babu wanda ya je neman sa, na'ura ce ta gani don yana kan hanya. Likita ta ce irinsu suna da yawa, galibi tabon wata tsohuwar cuta ce da ta warke, kuma ga wanda bai taɓa shan taba ba, in bai kai milimita shida ba ko bibiyarsa ba a yi. Na yarda da ita, amma sai da na ɗauki lokaci kafin zuciyata ta yarda. Da ya kai takwas ko tara, da yanzu ina cikin jerin wasu hotunan, wataƙila har da allurar ɗibar tsoka, duk a kan abin da ƙila ba zai taɓa cutar da ni ba.

Tsukewar kashi 50 zuwa 69 ita ce mai wuyar sha'ani. Likita ta kwatanta min da titi: hoton sama ya nuna an cinye rabin hanya, amma bai gaya maka ko ana cunkoso a wurin ba, sai ka je lokacin tashi daga aiki ka gani. Tambaya ta sauya, don haka gwaji ma ya sauya. Za a iya yi da hoton nukiliya, a zuba sinadari mai haske a jini a ga inda bai isa ba, amma haskensa ya fi na CT ɗin da aka riga aka yi min. Za a iya yi da MRI, hoton da ake ɗauka da maganaɗisu, wanda babu kamarsa wajen nuna tabo ko kumburin tsokar zuciya, sai dai ba tabo muke nema ba. Tunda ƙafafuna lafiya kuma ekona na farko ya fito tar, ta zaɓi eko na motsa jiki.

An ɗauki hoto ina hutawa, sannan na hau injin gudu. Kowane minti uku yana ƙara sauri yana ƙara tudu, tsarin da wani likita a Amurka, Robert Bruce, ya fitar a 1963. An ce ana so buguna ya kai 139, wato kashi 85 cikin ɗari na abin da ya rage in an cire shekaruna daga 220. A mataki na uku na wuce lambar, nauyin kuma ya zo, wannan karon da mutane uku tsaye a kaina suna kallon allo, abin da ya sa ban ji tsoronsa ba. Suna tsayar da injin suka ce in faɗa gado a gefen hagu maza-maza, don cikin minti ɗaya ko biyu zuciya kan murmure shaidar ta ɓace. Ina haki, saurayin nan yana cewa "Baba fitar da iska ka riƙe," abin da ya fi gudun wuya.

An jera hotunan biyu gefe da gefe. Ko'ina bangon zuciyar ya ƙara ƙarfin matsawa bayan gudu, sai wani ɗan yanki kusa da tsinin zuciyar da ya yi nawa. Yankin da jijiyar nan ke ciyarwa ne. An gano mai laifi, an kuma gano girman laifin: ƙarami ne, sai an matsa sosai yake fitowa.

Daga nan rigima ta koma gida. Yayana ya ce shi bai gane ba. An ga toshewa, an tabbatar tana hana jini, me ake jira? A zura bututu a buɗe a sa ɗan ƙarfen da ke riƙe jijiya a buɗe, gani ya kori ji. Na ce, "Yaya, zo mu je ka tambaye ta da kanka." Ya kuwa zo.

Ba ta raina tambayarsa ba. Ta ce anjiyogiram, wato zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu har bakin jijiyoyin zuciya a fesa rini, shi ne hoton da ya fi kowanne nuna hanyar jini, kuma ga wanda jijiyarsa ta toshe yanzu-yanzu shi ne ceton rai, ba a ɓata minti. Amma shiga jiki ne. Haɗarinsa mai tsanani bai kai ɗaya cikin ɗari ba, sai dai a cikinsa akwai shanyewar ɓarin jiki da yagewar jijiya. A 2010 an duba bayanan kusan mutum 400,000 a Amurka da aka yi wa shi ba na gaggawa ba, ba a kuma san su da cutar ba, sai kashi 38 cikin ɗari kawai aka samu da toshewa ta a zo a gani. Sauran sun ɗauki haɗarin ne a kan abin da gwaji mai sauƙi zai iya faɗa. Sannan ga binciken ISCHEMIA da aka wallafa a 2020, mutum 5,179 daga ƙasashe da dama, yawancinsu ƙarancin jinin da ke isa tsokar zuciyarsu ya fi nawa. An fara wa rabi da bututu da buɗe jijiya, rabi da magani kawai, bayan shekara uku da 'yan kai babu wani bambancin kirki a mutuwa. Inda buɗewar ta yi fice shi ne rage ciwon ƙirji ga masu yawan jin sa.

"To Alhaji," ta ce da Yaya, "in na zura masa bututu yau, abin da zan gani na riga na sani. Mu ba magani dama. In nauyin ya ƙi, ko ya ƙaru, ko ya fara zuwa yana zaune, ni da kaina zan rubuta, kuma a lokacin na san abin da zan je yi a ciki."

Ta ƙara da abin da ni ma ban sani ba: ƙarfen wuri ɗaya yake gyarawa, kitsen kuwa yana warwatse a bangon jijiyoyi, kuma sau da yawa wanda ke fashewa ya toshe hanya farat ɗaya ba shi ne mafi girma a hoto ba. Maganin rage kolestarol shi ke bin su duka. Yaya bai ce ya gamsu ba, amma ya daina maganar. Aka ɗora ni a kan sitatin mai ƙarfi, wato maganin rage kolestarol ɗin, da asfirin, da maganin rage bugu, da feshin ƙarƙashin harshe na ko-ta-kwana, aka kuma gyara na hawan jinin.

Uwargida ce ta biyo baya. Ganin abin da aka samu a jikina sai ta ce ita ma a yi mata CT, rigakafi ya fi magani. Babu abin da ke damunta, jininta daidai, suga daidai, ba ta da tarihin gida. Likita ta auna ta, ta sa aka duba kolestarol, ta lissafa haɗarinta na shekara goma ya fito ƙasa sosai, ta ce, "Hajiya, ba ki buƙata." Akwai wani ɗan hoto marar rini da ke ƙirga alli a jijiyoyi, in ji ta, yana da amfani ga wanda ke tsaka-tsaki ana shawarar a fara masa sitatin ko kada a fara, ita kuwa ba ta kusa da wannan layin. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka tun 2005 take fitar da jadawalin inda kowane hoto ya dace da inda bai dace ba, a 2012 kuma ta fito fili ta ce kada a yi wa marar alama hoton zuciya na motsa jiki sai in yana cikin babban haɗari. Uwargida ta fito ranta a ɗan ɓace, tana ganin an hana ta wani abu. Ni da na sha fama da ƙullin huhu ban taya ta ɓacin ran ba.

Nauyin ya ragu sosai cikin 'yan makonni. Da shekara ta zagayo na tafi da shirin a sake hoto a ga ko kitsen ya ragu, sai ta ce jini kawai za a ɗiba. Lambar kolestarol da ta hawan jini da abin da nake ji in na yi tafiya su ne ma'auninta. Ko hoton ya nuna 55 ko ya nuna 60, magungunan nan dai su zan ci gaba da sha.

Kwanan baya aka sa min ranar cire yanar ido. Da masu aikin suka ga sunayen magungunana sai suka turo ni da takarda a duba zuciya tukuna, har da tambayar ko za a sake eko da gwajin gudu. Likita ta tambaye ni ko wani abu ya sauya, na ce babu. Ta tambayi nisan da nake iya tafiya da sauri ba tare da na tsaya ba, ta saurari ƙirjina, ta auna jini. Sannan ta rubuta musu layi uku: aikin ido na cikin mafi ƙarancin haɗari, ciwon a kwance yake, babu buƙatar wani hoto, kada kuma a dakatar da asfirin da maganin rage bugu ko a safiyar aikin.